Sabawa da Keken Lantarki a Yamai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Giya, Inji da Batir

Keke mai batir ya fara ratsa titunan Yamai, wasu sababbi daga Sin, wasu na gwanjo daga Turai. Masu sayensa iri-iri ne: ɗalibai masu haye kogi zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, ma'aikatan da kuɗin mai ya gundura, da dattawan da gwiwa ta fara yi musu gardama. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin mahaya suka fi yi a makonnin farko, kuma akasarinsu tushensu ɗaya: mutum ya ji inji na tura shi, sai ya manta cewa keken yana da giya.

Na iya keke tun ina yaro. Me kuma zan koya?

Hawan kam ka iya, ba wanda zai sake koya maka tsayuwa a kan taya biyu. Abin da zai zo maka sabo shi ne nauyi da tashi. Keken lantarki yakan kai kilo 20 zuwa 28, wato kusan ninki biyu na keken da ka saba, kuma nauyin ba a rabe yake daidai ba: in batir yana kan kariyar baya, inji kuma yana cikin tayar baya, za ka ji gaban ya yi sakayau. A kan gudu ba ka jin wannan. Sai ka zo juyawa a lungu, ko tsayawa a wurin da ƙasa ta karkata, sannan keken zai nuna maka nauyinsa.

Tashin ma daban ne. A keken gida ƙarfin da ka sa shi ne ke fita. A nan kuwa kana takawa kaɗan sai wani ƙarfi ya ƙaru a kan naka, wani lokaci bayan ɗan jinkiri. Jiki yana bukatar 'yan kwanaki kafin ya daina firgita da wannan turin.

Mene ne bambancin giya da matakin taimako? Ni duk lambobi nake gani.

Wannan ita ce tambayar da in ka fahimce ta, sauran duk sauƙi ne.

Matakin taimako shi ne wanda kake sauyawa da maɓallin ƙari da ragi a kusa da allo, galibi a hannun hagu. Yana gaya wa inji yawan ƙarfin da zai ƙara maka. Wasu kekuna suna rubuta shi 1 zuwa 5, wasu 1 zuwa 3, masu injin kamfanin Bosch kuma suna da Eco, Tour, Sport da Turbo. Lantarki ne zalla, ba ya taɓa sarƙa.

Giya kuwa ita ce ta hannun dama, mai jan waya ta matsar da sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa wancan a tayar baya. Aikinta shi ne ta ƙayyade sau nawa taya za ta juya a duk zagaye ɗaya na feda. Ɗauki keke mai giya bakwai, wanda faifan gabansa ke da haƙora 42, na baya kuma daga 14 zuwa 28. In sarƙa tana kan ƙaramin faifai mai 14, zagaye ɗaya na feda yana juya taya sau uku: gudu ne, amma feda ta yi tauri. In tana kan babba mai 28, taya sau ɗaya da rabi take juyawa: feda ta yi laushi, ga ƙarfin hawa. Lamba 1 ita ce mai laushi, lamba 7 mai tauri.

To ga inda ake ɓata. Sabon mahayi yakan bar giya a 7 tun daga ranar da ya sayi keken, in ya ji tauri sai ya ƙara taimako zuwa 5. Keken zai tafi, ba shakka. Amma daidai yake da mai babur da ya tashi a giya ta huɗu yana murza totur: injin yana kuka, ana tafiya, ana cin rai. Batir zai ƙare da wuri, inji zai yi zafi, gwiwa ma ba ta huta ba. Tauri maganinsa giya. Taimako kuma sai ka ƙara shi lokacin da giyar ta yi daidai amma ƙarfinka bai kai ba, ko kana sauri, ko kana da kaya.

Ta yaya zan san giyar da nake kai ta yi daidai?

Ƙafarka za ta gaya maka. Abin nema shi ne feda ta riƙa zagayawa sau 60 zuwa 80 a minti ɗaya. Gwada a miƙaƙƙiyar hanya da ba cunkoso: ƙirga sau nawa gwiwar dama take tasowa cikin daƙiƙa 15. In ka samu 15 zuwa 20, kana kan hanya. In ka samu 10, giyar ta yi maka nauyi, sauko da ita. In kuwa ƙafa tana wulwulawa ba ta jin komai, gindi yana tsalle a kan sirdi, hau da ita.

Mutanenmu da suka taso da keke mai giya ɗaya sun saba da taki a hankali mai ƙarfi, don haka wannan saurin ƙafa zai yi musu banbarakwai da farko, har su ji kamar yara suke. A daure. Bayan mako guda ko biyu jiki zai karɓa, kuma gwiwa za ta gode.

Me ya sa keken yake fizga in na fara takawa, ya kuma ci gaba da turi bayan na daina?

Saboda irin na'urar da ke gaya wa inji cewa ka fara taki. Iri biyu ce.

Mafi yawan kekuna masu araha suna da faifai mai ƙananan maganaɗisu a gindin feda. Na'urar tana jira maganaɗisun su wuce ta gabanta, shi ya sa sai feda ta yi kwata ko rabin zagaye kafin inji ya tashi, in ya tashi kuma yakan zo da ƙarfin matakin da ka zaɓa gaba ɗaya. Ba ruwanta da ko da ƙarfi kake takawa ko a hankali, juyi kawai take gani. Haka in ka daina, sai ta ɗan jira kafin ta gane, inji ya ƙara turi na kamar rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda.

Iri na biyu tana auna ƙarfin takin kansa. Ka taka a hankali, ta ba ka kaɗan. Ka danna, ta ƙara. Wannan ta fi daɗin hawa nesa ba kusa ba, kuma ita ce a yawancin kekunan Turai masu inji a tsakiya. Ita ma tana da nata sharaɗi: kada ka ɗora ƙafa a kan feda lokacin da kake kunna keken, domin wasu suna daidaita ma'auninsu ne a wannan lokacin. Kuma in kana tsaye a jan wuta ka jingina nauyinka a kan feda, keken na iya zabura.

Ga mai iri na farko, dabarar ita ce tashi a mataki 1 ko 2, yatsu biyu a kan birki. Yawancin irin waɗannan kekuna suna da makunni a cikin hannun birki wanda ke yanke inji da zarar ka ɗan matsa, tun kafin birkin ya kama taya. Ka gwada naka a fili ka tabbata yana aiki. A cikin turmutsutsun Katako ko bakin Babbar Kasuwa, inda amalanke da masu tura baro ke fitowa ta ko'ina, sauko da taimako zuwa 1 ko ma sifiri. Rabin daƙiƙar nan ta isa ta haɗa ka da teburin mai tumatir.

Yaushe ake canza giya? Ina jin ƙara kamar sarƙa za ta tsinke.

Ƙarar tana zuwa ne don kana canzawa alhali sarƙa tana ɗauke da nauyi. Giya irin ta waje, mai faifai da yawa, tana canzuwa ne kawai in feda tana juyawa, amma juyi mai sauƙi. Sassauta taki na ɗan lokaci, danna, bari sarƙa ta zauna, sannan ka koma takinka. Ɗaya bayan ɗaya, ba uku a lokaci guda ba.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne canzawa kafin bukata ta zo. Ka hango jan wuta ko shataletale ya cushe, fara saukowa da giya tun kana tafiya, yadda in ka tsaya kana kan 2 ko 3. Ka hango hawa, sauko tun kana gindinsa. Wanda ya tsaya a giya 7 ba shi da yadda zai gyara sai ya sauka ya ɗaga tayar baya, ko ya tashi da ƙyar motoci suna masa oda.

Akwai giyar da take ɓoye cikin cibiyar tayar baya, irin Shimano Nexus da ake yawan gani a kekunan da suka fito daga Holan da Jamus. Ita akasin haka ce: tana canzuwa ko kana tsaye cak, kuma ta fi son ka dakatar da feda ɗan lokaci kafin ka murɗa. A garin ƙura irin namu tana da daraja, tunda kayan cikinta a rufe suke.

Injina yana cikin taya. Shin giya ta shafe shi?

Kai tsaye a'a, a kaikaice e. Injin da ke cikin taya yana juya tayar ne da kansa, bai bi ta sarƙa ba, saboda haka canza giya ba ya sauƙaƙa masa. Amma irin wannan inji ba ya son tafiyar hawainiya a kan hawa. In gudu ya faɗi ƙasa sosai alhali yana jan cikakken ƙarfi, yawancin wutar da yake sha zafi take zama, ba tafiya ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, injin ya riga ya fara daga wuri mai zafi. Giya mai laushi ita ce ke ba ƙafarka damar taimaka masa ya riƙe gudu.

Injin da ke tsakiya, wurin feda, shi ta sarƙa yake aiki, don haka duk giyar da ka sa shi ma ita yake ja. In ka ba shi giya mai laushi a kan hawa, sai ka ga abin mamaki. In ka bar shi a mai tauri, shi da sarƙa da ƙananan faifai duk za su ci wuya, kuma sarƙar irin wannan keke ta fi saurin cinyewa.

Ina zaune a Harobanda, aikina a Filato. Yaya zan yi da hawan da ke bayan gada?

A kan Gadar Kennedy kanta ba ka bukatar komai sai natsuwa: riƙe gefen dama, mataki 2, kada ka yi ta kutsawa tsakanin motoci. Da ka kusa sauka ɓangaren gari, sauko da giya biyu, ƙara taimako mataki ɗaya, ka shiga hawan ƙafarka tana zagayawa da sauri. In ka ji takin ya fara nauyi a tsakiya, sassauta ka sake saukowa da ɗaya. Zauna a kan sirdi, ba sai ka miƙe ba. Haka za ka yi in kana tasowa daga Kornish, hanyar bakin kogi, ko kana fitowa daga kwarin Gunti Yena.

Da ka kai sama, mayar da taimako inda yake. Mutane da yawa suna mantawa da shi a 4 har gida.

A dawowa kuma gangara ce, ga keke mai nauyi. Kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi. Matsa ka saki, matsa ka saki, da hannu biyu.

Unguwarmu ba kwalta, rairayi ne. Keken nan zai iya?

Zai iya fiye da keken gida, in an san yadda ake bi da shi. Shiga rairayi da ɗan gudu, a giya mai laushi, taimako matsakaici. Ja jikinka baya kaɗan don gaba ya yi sauƙi, ka dubi inda za ka fita ba gaban taya ba, kuma kada ka daina taki. Kan keken zai riƙa rawa, ƙyale shi, kada ka ƙanƙame shi ko ka juya da ƙarfi. Birkin gaba a cikin yashi faɗuwa ne.

Taimako mafi girma a nan ba ya amfani, taya za ta yi ta haƙa ne. Wanda injinsa ke tayar gaba ya fi kowa bukatar kula, don ita ce mai saurin zamewa. Rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma kada ya yi yawa har bakin rim ya riƙa cizon tub in ka koma kan duwatsu.

In yashin ya yi zurfi, sauka ba abin kunya ba ne. Yawancin kekunan suna da yanayin turi: ka riƙe maɓallin ragi, ko wani maɓalli na musamman, keken zai ja kansa a gudun da bai wuce kilomita 6 a awa ba, kai kuma kana tafe a gefensa.

Na saba da babur. Akwai abin da zan kiyaye?

Birki. A babur hannun dama na gaba ne. A kekuna da yawa, musamman waɗanda suka fito daga Faransa, Jamus ko Amurka, hannun dama na baya ne, hagu na gaba. Na Ingila kuma akasin haka. Kafin ka hau, matsa kowanne ka tura keken ka ga wace taya ta tsaya. Bakanike na iya musanya su in kana so su dace da abin da hannunka ya saba.

Sannan ka tuna cewa tsayawa daga gudun kilomita 25 a awa yana cin nisan da ya kusa ninki uku na tsayawa daga 15. Direban taksi da ya hango keke yana lissafa gudun keken da ya sani, sai ya sha gabanka. Ba ya jin ƙarar inji, tunda babu. Yi amfani da ƙararrawa, kunna fitila da magariba, ka sa hular kwano. Na san zafi ake ji, amma kai ɗaya ne.

Me ya sa in na kai kilomita 25 a awa sai in ji kamar an ja ni baya?

Ba lalacewa ba ce. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa keken da za a ɗauka a matsayin keke, injinsa kada ya wuce wat 250, kuma taimakonsa ya yanke a kilomita 25 a awa. Yawancin kekunan da aka ƙera don kasuwarsu haka suke. Na Amurka sukan kai kilomita 32. Bayan wannan iyaka ƙafarka ce kaɗai ke aiki da keke mai nauyi, shi ya sa kake jin kamar ja.

Akwai masu cire wannan iyaka. Ban ba da shawarar haka ba. Birki da taya da ƙarfen keken an auna su ne da wancan gudu, kuma iska tana cin batir fiye da kima da zarar gudu ya ƙaru.

Kekena yana da totur. In ina da shi, me zai sa in taka?

Totur yana da wurinsa: tashi daga tsaye da kaya, fita daga tsakiyar mararraba da sauri, ko ranar da jiki ba daɗi. Amma in shi kaɗai za ka riƙa murzawa, nisan da batir zai kai ka na iya raguwa da kusan rabi, kuma duk wahalar tashi da hawa ta koma kan inji. Murza shi a hankali, ka raka shi da ƙafa. Kuma kashe keken kafin ka ba yaro ya riƙe maka, ko kafin ka tura shi cikin zaure, don hannu kan murɗa totur ba da niyya ba.

Batir zai kai ni ina? Mai shago ya ce kilomita 80.

Lissafin a jikin batir yake. Ninka bolt (V) da amfiya-awa (Ah) ka samu wat-awa (Wh), wato yawan wutar da ke cikinsa: batir mai 36V da 10Ah yana ɗauke da 360Wh, mai 48V da 13Ah kuma 624Wh. Mahayi matsakaici a kan kwalta, a taimako matsakaici, yakan ci wajen 10Wh a kowace kilomita. Ke nan 360Wh zai ba ka kilomita 35 ko kusa da haka. In kana takawa sosai a mataki 1 za ka iya wuce 50. In totur ne da rairayi da kaya, kana iya tsayawa a 20. Lambar mai shago ta mutum marar nauyi ce a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba iska, a mataki mafi ƙanƙanta.

Don zirga-zirgar cikin gari wannan ya wadatar. Amma mai niyyar zuwa Kollo, wadda ke kilomita 30 da 'yan kai daga Yamai, ya ɗauki cajarsa, kada ya ce zai je ya dawo da caji ɗaya. Iskar hunturu in tana gabanka tana cin batir kamar hawa, taya mai ƙarancin iska ma haka.

Kada sandunan da ke nuna caji a kan allo su ruɗe ka. A kan hawa za ka ga biyu sun ɓace, ka kai sama ɗaya ta dawo. Ƙarfin batir ne ke dusashewa in ana jansa da yawa, ya farfaɗo in an sassauta. Karatun gaskiya shi ne wanda ka gani bayan ka tsaya na minti ɗaya ko biyu.

In ina takawa, batir yana cika?

A'a. Kekuna ƙalilan ne ke mayar wa batir da ɗan abu lokacin birki, shi ma bai taka kara ya karya ba. Takinka yana rage abin da inji ke sha ne, ba ya ƙara wa batir komai.

Zafin nan namu ba zai kashe batir ba?

Zai rage masa kwana in ba a kula ba, kuma batir shi ne abu mafi tsada a jikin keken. Batir na litiyam bai kamata a yi masa caji ba in zafinsa ya wuce digiri 45. Keken da ya wuni a rana a watan Afrilu, baƙin akwatin batirinsa ya wuce haka da nisa. Saboda haka in ka iso, ajiye shi a inuwa, in batir mai cirewa ne shiga da shi ciki. Bayan tafiya bar shi ya huce rabin awa ko fiye kafin ka jona. Caji da asuba ko da dare ya fi na tsakar rana, kuma ɗakin kwano da aka rufe da azahar ba wurin caji ba ne.

Yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule da jarkar mai, ba a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita ba, kuma lokacin da akwai wanda ke farke. In batir ya kumbura, ko yana wari, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, fitar da shi tsakar gida ka daina amfani da shi. Wutar litiyam ba ta mutuwa da sauƙi.

Caja sai tasa. Batir mai 36V cajarsa tana fitar da 42V, mai 48V kuma 54.6V. Don bakin wata caja ya shiga ba shi ke nuna ta dace ba. Kekunan Sin masu batir na dalma, huɗu a jere cikin akwati mai nauyi, cajarsu daban ce, kuma su sun fi son a cika su bayan kowace tafiya, kada a bar su a ƙasa. Na litiyam kuwa bai damu da cikawa kullum ba. In za ka yi tafiya ka bar shi wata guda, bar shi a rabi.

Wuta tana yawan ɗaukewa. Yaya zan yi?

Caja mai 2A tana cika batir mai 10Ah cikin awa biyar ko shida, kuma katsewa a tsakiya ba ta cutar da litiyam. Abin tsoro shi ne dawowar wuta da ƙarfi. In wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ta ɗauke, zare cajar, ka mayar bayan ta dawo ta daidaita. Cajar wajen wat 100 kawai take ja, don haka mai sola da inbata a gida zai iya caji da rana ba tare da ya takura sauran kaya ba.

Ruwan sama fa, da wanki?

Yayyafi da ruwan da ke sauka daga sama ba matsala. Matsala ita ce kududdufin Agusta da ba ka san zurfinsa ba. In ruwa zai kai cibiyar taya ko gindin feda, kewaya. Kada ka kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, yana tura ruwa cikin inji da mahaɗar wayoyi. Tsumma mai danshi ya isa.

A lokacin ƙura, sarƙa tana son a goge ta kafin a sa mata mai, a sa kaɗan, a sake gogewa. Baƙin man mota da ake zubawa ya yi yawa, yana kama yashi ya zama abin da ke cinye haƙora. Tsidau kuma yana nan a gefen hanya. Cire tayar baya mai inji ya fi wahala, don haka taya mai kauri da maganin toshe huda a cikin tub sun cancanci kuɗinsu. In mai faci zai cire tayar, nuna masa mahaɗar wayar inji ya zare ta da hannu, kada ya ja wayar.

Malam, ni mace ce, da zani da hijabi nake fita. Zai yiwu?

Zai yiwu sosai, Hajiya. Nemi keke mai buɗaɗɗen tsakiya wanda ba sai kin ɗaga ƙafa sama ba, mai murfin sarƙa, in da hali da raga a gefen tayar baya. Tattara bakin hijabi ki zauna a kai ko ki ɗaure shi a ƙugu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: taya mai inji ba ta tsayawa don tufa ta shige ta. Maza masu babbar riga da dogon rawani su ma maganar ta shafe su.

Daidaita sirdi yadda kan yatsun ƙafa zai taɓa ƙasa kina zaune. In kin saba, a ɗaga shi kaɗan don gwiwa ta riƙa miƙewa.

Mahaifina ya haura sittin, yana so ya gwada. Ta ina zai fara?

A fili mai tauri da ba motoci, da sanyin safiya. Baba ya fara da inji a kashe, giya 2 ko 3, ya zagaya har ya ji nauyin keken da kamun birkinsa. Sannan a kunna mataki 1: ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi, har turin ya daina ba shi mamaki. Daga nan ya koyi saukowa da giya kafin tsayawa, da juyawa a ƙaramin wuri ba tare da taki ba, don kada inji ya tura shi a tsakiyar kwana. Hawa da sauka su ne inda dattawa suka fi faɗuwa, don haka ya riƙe birki biyu duk lokacin da zai ɗora ƙafa ko zai sauke ta. Titi sai bayan kwana biyu ko uku, a ranar Lahadi da hanya ba cunkoso.

Motsa jiki kuwa yana nan. Ƙafa tana aiki, zuciya tana aiki, wahalar tashi da hawa ce kawai aka ɗauke wa gwiwa. A watan azumi ya ƙara taimako mataki ɗaya, ya guji fita tsakanin azahar da la'asar.

Zan sayi na gwanjo. Me zan duba?

Batir kafin komai. Na litiyam yakan fara raguwa a fili bayan caji ɗari biyar ko fiye, shekaru ma suna cinsa ko ba a hawa. Kada ka yarda da cikakkun sanduna a kan allo; nemi a bar ka ka hau shi mai nisa, har da hawa, ka ga yadda suke sauka. Tabbatar akwai caja ta asali da makullin batir. Manyan kamfanoni irin Bosch da Shimano batirinsu da injinsu ba sa aiki da na wani, don haka ka tambayi inda za ka samu madadi tun kafin ka biya. Kekuna masu inji irin na Bafang da batir na gama-gari sun fi sauƙin samun kayan gyara.

Bayan haka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ji ko sarƙa tana tsalle, matsa wayoyin tayar baya ka ji ko akwai sako-sako, ka dubi wurin da wayar inji ke fitowa daga cibiyar taya, don nan ne take yawan yagewa in keken ya taɓa faɗuwa.